Ƙwallon da Sakata Bai Ci Ba

Shekara goma sha bakwai Sakata ya yi yana cin abinci da ƙwallon ƙafa, kuma a duk shekarun nan bai taɓa jefa ƙwallo a ragar abokan karawa ba. Ko ɗaya fa. Wannan magana ita ce ta tsaya wa babbar yayarsa a maƙogwaro, ta ƙi wucewa ta ƙi dawowa. Tela ce, tana da shago mai keken ɗinki uku a bakin titin da ke gangarawa kasuwa, kuma kowa Yaya yake ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Idan wani mai son a gama masa ɗinki da wuri ya so ya lallashe ta, ya ce ai ƙanen nata ɗan baya ne, aikinsa hana ci, ba ci ba, sai ta ajiye almakashi ta dube shi ta saman tabarau. Ta san wannan, ba yau ta fara ji ba. Amma ta kuma san 'yan bayan mutane sukan lallaɓa gaba idan an samu bugun kusurwa, su sa kai su ci, a ɗauke su hoto suna tsalle. Nata ƙanen kuwa, da zarar an ce bugun kusurwa kowa ya ruga gaba, sai ka gan shi shi kaɗai a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, yana gadin ciyawa.

Abin ya samo asali tun yana ɗan shekara takwas. A filin bayan tashar mota manyan yara suke wasa, shi kuma ga girman jiki ga nauyin ƙafa, babu mai son ɗaukarsa. Ran nan wani ya gaji da nacinsa, ya ja shi zuwa gaban duwatsu biyun da suke zaman raga, ya ce, "Kai ƙato, tsaya nan, kada ka matsa." Don a rabu da shi aka faɗa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauki maganar da gaske, kuma a ganin Yaya har yau bai matsa ba.

Daga filin tasha ya shiga ƙungiyar wata masana'antar sabulu, inda da safe yake ɗaukar kwali, da yamma ya ɗauki ɗan gaban mutane ya ajiye a gefe. Kocin wurin ne ya raɗa masa Sakata, wai idan aka zura shi a bayan ƙofa, mai son shiga sai dai ya haƙura ya koma gida. Sunan ya bi shi har ya shafe na gaskiya. Ƙungiyoyi huɗu ya yi wa wasa. Ya taɓa fita waje shekara guda, wata ƙasa mai sanyi, ya dawo da tari da manyan riguna biyu da kalmomi biyar na yarensu, dukansu na ihu a fili. An taɓa kiransa ƙungiyar ƙasa sau ɗaya, ya ɗumama benci minti casa'in cur, ya dawo bakinsa har kunne yana yaba yadda 'yan bayan suka iya tsayuwa a layi. Yaya ta tambaye shi ko ya taɓa ƙwallon ma. Ya ce ya taɓa, lokacin da ta fito waje ya miƙa wa mai jifa.

Koci-koci suna sonsa, wannan ba a musu. Masu tsaron raga kuwa kamar su haɗiye shi, wani har hawaye ya yi ranar da aka sayar da shi ga wata ƙungiya. Amma koci da mai tsaron raga ba su ne suke zama da shi a gida ba. Halin fili ya biyo shi har ɗaki. Idan dangi suka fita ziyara shi ne a ƙarshe, yana ƙirga kawuna. Idan aka shiga mota sai kowa ya zauna ya leƙa ya tabbatar an rufe ƙofofi. Duk hotunan gidan, ka duba, yana can layin baya, rabin goshinsa kawai ake gani. Hatta ranar da ya je neman aure, sai da Yaya ta sa hannu biyu ta tura shi ta ƙofa, don ya tsaya a waje yana cewa kowa ya fara shiga.

Da don ta Yaya ce kaɗai, da sauƙi, sai ta yi mita ta gaji ta bari. Matsalar Inna ce, mahaifiyarsu. Shekara talatin ta yi tana sharar ofisoshi bayan rasuwar babansu, da tsintsiya da bokiti ta raine su. Ba ta taɓa zuwa filin wasa ba, ta ce taron jama'a jiri yake sa ta. Daga baya ma idanunta suka fara dushewa, tun Sakata yana ƙungiyarsa ta biyu, har ya zama haske da inuwa kawai take bambancewa. Saboda haka ƙwallon Inna a rediyo take, wata ƙaramar rediyo da take jinginewa a jikin taga. Ba ta san satar gida ba, ba ta san bugun tazara ba, kuma duk wanda ya ce zai koya mata sai ta ce ya riƙe iliminsa. Abu ɗaya ta sani. Idan mutum ya ci, mai sharhi yakan kama sunansa ya ja shi, ya yi ta ja har numfashinsa ya ƙare, duk unguwa ta ji. Burin Inna ke nan, ta ji an ja sunan autanta haka, ko da sau ɗaya.

Kuma an taɓa ja, abin da ya fi ƙona wa Yaya rai ke nan. A shekararsa ta shida, wata ranar Asabar, mai sharhi ya kwarara ihu ya ja sunan Sakata har muryarsa ta shaƙe. Inna ta miƙe ta yi shewa, ta fita babu takalmi tana lalube har ƙofar maƙwabta, tana cewa su fito su ji, autanta ya ci. Yaya ce ta tsaya ta saurari sauran maganar. Ƙwallon daga ƙafarsa ta zame, ta wuce mai tsaron ragarsu, ta shiga gidansu. Ita ce kuma ta bi tsohuwar har ƙofar mutane, ta riƙe mata hannu, ta raɗa mata cewa cin gida ya yi. Suka tako a hankali suka dawo, taku ashirin ne bai fi ba, amma Yaya ba ta taɓa yin tafiyar da ta yi mata tsawo kamar wannan ba. Tun daga ranar ta ɗaura wa kanta cewa sai ta mayar wa Inna wannan shewar, ko ana ha-maza ha-mata.

Shekaru suka yi ta wucewa. Duk bayan wasa Sakata zai zo ya gaida Inna, ita kuma ta ce, "Yau ma ban ji an ja ba, Auta." Shi kuma ya ce, "A'a Inna, amma ba a ci mu ba." Da fara'arsa fa yake faɗa, wai shi ya kawo albishir. Inna ta ce to madalla, Yaya kuma ta tashi ta fita tsakar gida ta yi ta wanke kwanon da yake a wanke.

Sai gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Likita ya duba hoton ƙashi, ya ce ya lallaɓa ya ƙarasa kakar bana, daga nan ya jingine takalmi idan yana son ya riƙa hawa bene da ƙafarsa. A wannan shekarar kuma sau biyu ana kwantar da Inna a asibiti, ta fito ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Yaya ta duba jadawalin wasannin da ta liƙa a bangon shago kusa da hotunan samfurin riguna, ta ga saura wasa uku, sannan biyu. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, kuma ita idan ta tsorata faɗa take yi. Ta aika a kira mata shi.

Ya zo ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya miƙe ƙafar mai ciwo.

"Wasa biyu ya rage maka a duniya," in ji Yaya. "Idan aka samu bugun kusurwa, ka je gaba. Ga tsawo Allah ya ba ka kamar ƙofar gareji. Ka sa kai sau ɗaya."

"To wa zai tsaya a baya, Yaya?"

"Ku goma sha ɗaya ne a filin nan!"

"Ai yara ne. Ɗan bayan dama idan ya tafi gaba mantawa yake da hanyar dawowa. Na hagu kuma..."

"Ban tambaye ka tarihinsu ba. Tsohuwar nan tana jira tun kafin a haifi rabinsu."

Ya sunkuyar da kai yana murza gwiwa. Ta san yana son Inna kamar ransa, shi ne ma abin haushin. Da marar kirki ne, da ta zage shi ta huta. Ya ce zai duba yadda wasan ya kasance. Ta san ma'anar wannan. Wasa na biyun ƙarshe ya zo, aka samu bugun kusurwa har tara, kuma sau tara mai sharhi yana cewa kowa ya tafi gaba in ban da Sakata.

Ranar Litinin Yaya ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta yi ko don zazzaɓi, ta hau mota zuwa filin atisayensu. Ta tsaya a bakin waya da jakarta a hammata har aka tashi, sannan ta tare kyaftin ɗinsu. Wani siriri ne mai yawan dariya, ɗan tsakiya, ta taɓa rage masa wando sau biyu, saboda haka ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta zayyana masa komai, har da tafiyar Inna babu takalmi.

Kyaftin ya daina dariya. Ya ce, "Yaya, ai da kin kwantar da hankalinki. Muna da abin da muke yi a ƙungiyar nan tun kafin in zo. Duk wanda ya daɗe da mu, ranar wasansa na ƙarshe, idan aka samu fanareti shi ake ba wa. Ko mai tsaron raga ne. Taku goma sha biyu, daga shi sai gola, ko ke za ki ci."

"Idan kuma ba a samu ba fa?"

"Muna da wani ɗan gaba, ko iska ta taɓa shi a cikin da'ira faɗuwa yake. Ki bar wannan a hannunmu."

"Ba ku kuke neman faɗawa rukunin ƙasa ba? Na ji an ce dole ku ci wasan nan."

"Dole ne kam. Amma na riga na faɗa, kuma Koci ya sani. Mutumin nan ya rufa mana asiri sau nawa?"

Da yamma sai ga Sakata a shago, fuska a murtuke, abin da ba a saba gani ba. Ya ce bai taɓa buga fanareti ba tun da yake. Yaya ta ce ita ma ba ta taɓa ɗinka rigar amarya ba sai ranar da ta ɗinka. Ya ce wasan yana da muhimmanci, akwai yaran da abincinsu ya dogara da kada a faɗa ƙasa. Ta ce shi ya sa zai ci. Ya buɗe baki zai ƙara, ta taka keke da ƙarfi har ƙarar ta rufe maganarsa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce to.

Kuma a yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Duk satin nan, bayan an tashi atisaye, yakan tsaya da mai tsaron ragarsu ya yi ta bugu da gwiwar nan tasa. Kyaftin yana aiko wa Yaya labari kullum. Ranar Talata huɗu cikin goma suka shiga, ranar Alhamis takwas, ranar Juma'a goma cif, ƙasa-ƙasa a kusurwar hagu, inda hannun gola ba ya kai wa. Daɗi ya kwashe Yaya har ta yi abin da daga baya ta yi ta cizon yatsa a kai. Duk wadda ta zo awo ko karɓar ɗinki sai ta ce mata ta zo gidan Inna ranar Asabar da la'asar, akwai abin ji.

Ranar Asabar ɗakin Inna ya cika, har baranda. Yaya ta sa wa rediyo sabon batir, ta ajiye wani a aljihu saboda tsaro. Inna ta sa an ciro mata kayan da take sawa idan za ta fita, ta shafa turare, ta zauna a bakin gado da hannuwa a kan cinya, wai don rediyo. Yaya ta kalle ta, sai ta juya ta yi wa wata maƙwabciya faɗa a kan ta zauna a kan wayar fanka.

Kafin hutun rabin lokaci ƙungiyar su Sakata ta ci ɗaya. Aka ja sunan wani yaro, Inna ta gyaɗa kai kawai. Aka dawo, abokan karawa suka taso kamar an yi musu allura, mai sharhi yana ta cewa an share, an sake sharewa, an tare da kai. Bai ma damu ya faɗi wanda ya share ba, kowa ya sani. Minti saba'in, babu fanareti. Minti tamanin, babu. Ɗan gaban da aka ce iska tana kayar da shi ya faɗi sau uku, alƙalin wasa ya ce ya tashi, a na ukun ma har da katin gargaɗi. Yaya ta cire tabarau ta goge ta mayar ya fi sau goma.

Saura minti uku aka ji usur, filin ya ɗauki ihu. Wannan karon da gaske aka kwashe ƙafar yaron.

"Fanareti!" in ji mai sharhi. "Fanareti ne! Amma tsaya, me Kyaftin yake yi? Ya ɗauki ƙwallo ya juya baya, yana tafiya tsakiyar fili. Jama'a, wurin Sakata ya nufa! Sakata yana girgiza kai. Sun kewaye shi, suna tura shi. Ku ji 'yan kallo!"

Aka ji su kuwa, dubban mutane suna kiran suna ɗaya suna tafi. Inna ta laluba ta kama hannun Yaya ta riƙe gam.

"Ga shi ya tsallaka tsakiya, ya shiga da'ira. Wallahi ban san ya san hanyar nan ba. Duk 'yan ƙungiyar sun biyo shi, har 'yan baya, kowa yana son ya fara rungumarsa. Ya ajiye ƙwallo. Ya ja da baya. Ya waiwaya. To me yake kallo a baya? Raga tana gabanka, malam! Ya sake waiwayawa. Alƙali ya busa. Ya taho, ya buga..."

Sannan mai sharhi ya fashe da dariya, irin dariyar da mutum yake yi har ya buga tebur.

"Ta wuce saman raga! Ta wuce saman 'yan kallo! Ta wuce rufin! Jama'a, duk mai mota a waje ya je ya duba gilashinsa. Shekara ashirin ina wannan aiki, yau na fara ganin an share fanareti!"

Babu wanda ya yi dariya a ɗakin Inna, ko da yake Yaya ta ji wata a baranda tana tari irin na ɓoye dariya, kuma ta gane muryar, ta ajiye mata. Sai da aka nemo wata ƙwallon aka ci gaba. Minti uku suka wuce, aka tashi ɗaya da nema, ƙungiyar ta tsira. Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta tuna shanya. Inna ta saki hannun Yaya, ta mayar da nata kan cinya. Ba ta cire kayan fitar ba.

Rana ba ta gama faɗuwa ba ya iso, yana ɗingishi, jakarsa a kafaɗa. Yaya ta tare shi tun daga tsakar gida. Ta shirya maganganu da yawa, amma da ta gan shi abin da ya fito kawai shi ne, "Goma cikin goma, aka ce min."

"Haka ne, Yaya."

"Ƙasa-ƙasa, kusurwar hagu."

"Haka na yi niyya. Amma na waiwaya." Ya ajiye jakar. "Babu kowa a baya, Yaya. Duk sun taho kallo. 'Yan gabansu biyu suna tsaye a tsakiyar fili, daga su sai golanmu. Idan na buga ƙasa golansu ya kama, ko ta daki turke ta dawo, bugu ɗaya ne sun farke, mun faɗa. Ni kuma da wannan gwiwar ba zan kamo su ba. Sai na ce bari in ɗaga ta. Ko dai ta shiga ta can saman raga, ko ta tafi inda ba za ta dawo ba."

"Sai ka zaɓi wurin ajiye motoci."

"Na ɗan ƙara mata ƙarfi."

"Ka ɗan ƙara mata ƙarfi!" Muryar Yaya ta fashe. "Abu ɗaya aka roƙe ka a duniya. An ɗauko an kawo maka har hannu, an tura ka, an yi maka tafi. Tsohuwa ta yi kwalliya ta zauna. Kai kuma kana can kana lissafin mutum biyu a bayanka! Wai kai wa ya ɗora maka gadin duniya ne?"

Idanunsa sun yi ja, kuma ta ga ba taurin kai ba ne, shi ma abin yana cinsa. Ko yanzu aka mayar da shi wurin, haka zai sake yi, ya sani, ita ma ta sani. Wannan ya sa ta rasa inda za ta sa fushinta.

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Turo min shi nan."

Ya cire takalmi ya shiga. Gwiwar ba ta durƙusuwa, sai ya zauna a ƙasa gaban gadon ya miƙe ƙafar gefe. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Matso," in ji Inna. "Rabon da in ja kunnenka tun kana firamare, shi ya sa ka lalace. Ina kunnen?"

Ta miƙa hannu tana lalube. Bai sauka a kunne ba, ya sauka a kan girarsa ta dama, sai yatsun suka tsaya. Akwai wani tudu a wurin, tabon ɗinki. Ta shafa shi a hankali.

"Wannan na san shi. Na masana'antar sabulu ne."

"Shi ne, Inna."

Yatsun suka matsa zuwa ɗaya girar, suka sake tsayawa. "Wannan fa?"

"Gwiwar hannun wani ce. Mun yi tsalle tare, ƙwallon za ta shiga."

Ta gangaro kan hanci, ta bi shi, ta ji ya karkace ya dawo. "Wannan ba hancin da na haifa ba ne."

"Sau biyu ya karye. Ɗaya turke na daka, ɗaya takalmi ne."

"Takalmi a fuska?"

"Ƙwallon tana ƙasa, ƙafata ba za ta kai ba, sai na sa kai."

Ta kawo ɗaya hannun ma, ta riƙe fuskar duka. Ta sami ramin da ke ƙashin kuncinsa, inda likita ya sa ƙarfe. Ta sami tsagar leɓe, da tabon ƙasan haɓa, da wani dogo da ya shige cikin gashi. Ta taɓa haƙoran gaba da babban yatsa ta ce waɗannan ba nasa ba ne, ya ce uku daga ciki na roba ne. Kowanne sai ta tambaya, shi kuma ya faɗi shekarar da abin da ya same shi, a taƙaice, kamar mai karanta jerin kayan cefane.

Yaya ta sauke hannuwanta. Ta san kowane tabo a fuskar nan, don a ɗakin bayan shagonta yake kwana duk lokacin da aka fasa shi, a tsakanin yadudduka, tana gasa masa da ruwan zafi har kumburi ya sauka muryarsa ta dawo daidai. Ita ce take ce wa Inna sun yi tafiya wasan waje. Su biyun suka yanke haka, don kada hankalin tsohuwa ya tashi, kuma ba ta taɓa tsayawa ta yi tunani ba cewa fuskar da Inna take gani a zuciyarta ta saurayi ce ɗan shekara ashirin da huɗu, mai tabo ɗaya.

"Ke kin sani," in ji Inna, ba tare da ta juyo ba.

"Na sani, Inna."

"Ni ina nan zaune da rediyo ina jira, ashe can fasa min yaro ake yi." Ta sake bin karkataccen hancin da yatsa. "Duk wannan don kada ƙwallo ta shiga, Auta?"

"E, Inna."

Hawaye ya biyo kuncinta, hannuwanta suna kan fuskarsa. Sannan ta ɗan girgiza kan nasa da haushi, yadda ake yi wa yaron da ya dawo da riga a yage.

"Kai wane irin mutum ne?" ta ce. "Da ka bar ta ta shiga mana."